Gurjiyar Goggo Rahina Ta Shiga Kanti

Unguwar Sulai, Riyad.
11 ga Zulƙida, 1447.

Zuwa ga uwata kuma goggona, Goggo Rahina, a Gidan Taura.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwar da ta goya shi, tare da durƙuso har ƙasa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk wanda ke cin tuwo a gidan nan. Allah ya ƙara miki nisan kwana, ya sassauta ciwon gwiwar da ke hana ki zuwa gona da sassafe, ya jiƙan mahaifinmu da mahaifiyarmu, ya sa sun huta. Ni ma lafiya lau nake, sai zafin da ya fara shigowa, irin wanda idan mutum ya taɓa ƙarfen mota da azahar sai ya yi istigfari bai shirya ba. Aiki yana nan yadda kika sani, ina tuƙa motar kaya daga sitonmu na Sulai, ina rarraba wa kantuna buhunan gahawa da gyaɗa da danginsu. Sha'aban ɗan garinmu ne zai kawo miki wannan, tunda ya samu hutun Sallah. Na zaɓi takarda ne don kin sha cewa maganar waya iska ce. Muhibba ƙanwata, ke za ki karanta mata, kuma ki karanta a hankali, kada ki tsallake wuraren da zan ji kunya, domin suna da yawa.

Goggo, mako biyu da suka wuce Muhibba ta faɗa mini abin da kika ƙudurta. Ta ce tunda ɗan'uwana Uwais ya sa ranar sayar da gonar gado bayan Babbar Sallah don ya biya ejan ya kawo shi nan Saudiyya, kuma gayaunarki da ke gefen gabas za ta tafi tare da gonar, kin ce ba ki da sauran inda za ki shuka irinki. Ta ce kin yanke shawarar buɗe tulunan nan tara na ɗakinki, ki dafa gurjiyar gaba ɗaya, ki kai masallaci sadaka ga mahaifinmu, a huta. Ranar da na ji haka ko abincin rana ban iya ci ba. Irin da kika karɓa daga hannun mahaifiyarki, kina adana shi da toka da barkono, kina liƙe bakin tulu da laka shekara sama da arba'in, a ce ya ƙare a tukunya rana ɗaya! Shi ya sa na ce wa Muhibba ta riƙe miki hannu har takardata ta iso. To ga ta ta iso. Goggo, don Allah kada ki ɗora tukunyar nan, ki bari ki ji labarina tukuna.

Zan fara da laifina, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kin tuna tsarabar da kika aiko mini da Sha'aban ya dawo daga hutunsa na bara, kuka da daddawa da yaji da gurjiya tiya biyu, duk kala-kala a gauraye. A cikin kantunan da nake kai wa kaya akwai wani a unguwar Shifa, irin wanda suke kira mahmasa, wato inda ake soya gyaɗa da 'ya'yan itace da gahawa a sayar. Mai shi wani dattijo ne, Abu Nayif, mutum mai fara'a, ba ya barin direba ya sauke kaya ya tafi bai sha gahawa ba. Kullum shi ke ba ni, ni ban taɓa ba shi komai ba, abin har ya fara damuna. Sai na ce bari in soya gurjiyar Goggo in kai masa. Amma da na zuba ta a faranti na ga baƙa, na ga ja, na ga mai ɗigo-ɗigo kamar zabuwa, sai zuciyata ta ce ai wannan Balarabe zai ɗauka datti ne. Kin san yadda muke, baƙo ba a ba shi sai tsintacce. Na zauna na tsince farare zalla, sauran na juye su a gwangwanin madara na tura ƙarƙashin gado. Abu Nayif ya ci, ya ƙara, ya ce tana da daɗi, in kawo masa da ɗan yawa ɗansa Nayif ya duba, don shi ke sayo wa kantin kaya yanzu.

Daga nan ne rigimar da kuka yi da Uwais ta samo asali. Na san har yau kina ganin shi ne ya sa mata suka kwana uku a tsakar gida suna tsince farare daga abin da kika noma, kina faɗa yana cewa ki yi shiru ba ki san kasuwa ba. Goggo, ni na umarce shi. Ni na ce masa a waya kada in ga ƙwaya ɗaya mai launi a cikin buhun. Ya sha faɗanki bai ambaci sunana ba, ni kuma na yi shiru na bar shi da kayan. Rabin buhun ya iso, na ɗauka a kafaɗa na shiga kanti ina taƙama kamar wanda ya kawo zinariya. Nayif ya ɗebo da hannu, ya kai kusa da wani farin wake mai zagaye da suke kira hummus, wanda ke jibge a kantin buhu-buhu, ya ce in duba da kaina. Wallahi kamar 'yan uwa ɗaya. Ya ce mai saye da ido yake fara saye, ba wanda zai biya tsada a kan abin da ya yi kama da na arha. Ya ce khalas, magana ta ƙare. Na saɓa kayana na fito. Da Uwais ya kira ya ji yadda aka yi, ya ce to shi zai sayar da gona, ni ma da bakina na ce masa ya sayar, babu abin da yashin nan zai ba mu. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko nauyi. Ki yafe mini.

Yanzu kuma ga inda Allah ya nuna mini ikonsa. A ɗakinmu mu takwas ne, cikinmu akwai Saidou, mutumin wajen Maraɗi, wanda ke kan injin suya a kantin Abu Nayif ɗin nan. Mutum ne mai tsabta har ya yi yawa, kowace Juma'a sai ya fitar da komai ya share ɗaki muna gunaguni. A wajen sharar ne ya jawo gwangwanin madarar nan. Da ya buɗe sai ya tsaya yana kallona kamar na yi sata. Ya ce a garinsu wanda ya bar wannan a ƙarƙashin gado uwarsa ba za ta amsa gaisuwarsa ba. Ya ce shekararsa huɗu rabonsa da ita. Na ce ya ɗauka in yana so, ni na gaji da ganinta. Ya jiƙa ta da ruwan gishiri, washegari ya tafi da ita wurin aiki, bayan ya gama suyar kanti ya nemi izini ya zuba tasa a injin, don mu samu abin taunawa a ɗaki. Da ya kwashe sai ya baza ta a tire kusa da ƙofa ta huce. Babu wata dabara a ciki, Goggo, wurin ne kawai ke da iska.

Ina hanyar Badi'a da kaya bayan la'asar sai ga wayar Nayif, ya ce in zo yanzu-yanzu. Na ɗauka Saidou ya shiga uku saboda gurjiyata, za a ce ya ɓata injin mutane, kuma kin san a nan idan ubangida ya yi fushi da kai takardar zamanka ma sai ta girgiza. Na iso ina haɗa kalmomin ban haƙuri a kaina. Sai na tarar da Abu Nayif zaune a ƙasa kan darduma, tiren Saidou a gabansa, ya jera finjalan gahawa yana ware ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, baƙa a nan, ja a can, mai ɗigo a gefe, yana ɗanɗana kowace yana lumshe ido. Saidou ya raɗa mini cewa wata tsohuwa ce ta shigo sayen gahawa da 'yarta, ta hango tiren ta ce a auna mata rabin kilo. Ya ce mata ba na sayarwa ba ne, ta ce ba ta yarda ba, a kira mai kanti. Kafin a gama da ita wasu mutum biyu sun tsaya suna tambayar farashi. Abu Nayif ya ɗago ya dube ni, ya tambaye ni ko wannan da waccan farar gona ɗaya suka fito. Na ce e. Ya ce to me ya sa na ɓoye masa wannan na kawo masa waccan? Sai murmushin yaƙe nake yi ina sosa ƙeya.

Sai ya nuna mini bangon kantinsa, inda akwatunan dabino ke jere, kowane da sunansa a rubuce, wannan sukkari, wannan ajwa, wannan khalas, kowane da kuɗinsa daban. Ya ce da a ce kakanninsa dabino iri ɗaya suka riƙe suka watsar da sauran, da yau ba shi da abin jerawa. Ya ce abin da ba shi da suna a buhu ake sayar da shi, mai suna kuwa a ma'auni ƙarami. Daga nan ya tura mini finjalan ya ce in faɗa masa sunan kowace. Goggo, ni da na girma a ɗakinki, na yi wasan ɓuya a bayan tulunan nan, uku kawai na iya kawowa, fara da ja da baƙa, waɗanda duk mai ido zai faɗa. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. A nan ne na fita waje na kira wayar Muhibba na ce ta kai miki. Kin tuna, kin tambaye ni ko zafin Makka ne ya taɓa mini kai, mutum ya kira daga wata duniya yana tambayar sunan gurjiya. Ban faɗa miki dalili ba a lokacin, don ina tsoron in sa miki rai abin ya sake rushewa.

Amma da kin ga abin da muryarki ta yi a kantin nan! Na buɗe wayar kowa na ji, kina lissafowa, Saidou yana juyawa da Larabci tunda ya fi ni iyawa, Nayif yana rubutawa. Kika ce idon mikiya ita ke jure fari, ko ruwa ya ɗauke kwana ashirin ba ta sunkuyar da kai. Kika ce hawayen zaki ta fi kowace zaƙi amma ƙwari na son ta, sai an ninka mata toka. Kika ce mai bargo tana saurin dahuwa, ita ake ɗora wa mai jego. Kika ce bidi ita ke riga kowa nuna, ita ta riƙe gidanmu shekarar da gero ya ƙi, lokacin ina goye a bayanki. Har kika kawo 'yar ƙaramar nan mai ruwan ƙasa da kika ce ba ta da suna a kasuwa, ku dai kuna ce mata ta Inna Gogo, don mahaifiyarki ce ta zo da ita a ƙullin zane ranar da aka kawo ta gidan miji. Da Saidou ya fassara wannan, Abu Nayif ya ajiye finjali ya ce a tambaye ki shekararki nawa, sannan ya ce Allah ya tsawaita ran wannan uwa. Ni kuwa ina tsaye a gefe, hawaye na zubo mini, ina cewa hayaƙin injin suya ne. Na yi alfahari da ke irin wanda ban taɓa yi da komai ba a shekara goma sha ɗaya da na yi a ƙasar nan.

Abin da ya rage a tiren suka zuba a ƙananan kwanoni a kan teburin ciniki, duk wanda ya shigo ya ɗanɗana. Kwana biyu ya ƙare tas, mutane suna barin lambar waya wai a kira su idan ta zo. Nayif ya yi magana da wani ɗan kasuwa na Kano da ya saba aiko musu da riɗi da soɓorodo, wanda ya san hanyar takardun fitar da kaya, ya yarda zai ɗauko daga Gumel. Ranar Alhamis da ta wuce aka rubuta yarjejeniya, na sa hannu a madadinki. Suna son buhu goma a girbin bana, ya iso kafin azumi, kowane iri a buhunsa, da sunansa a jiki, kada a gauraya kuma kada a tsince komai sai tsakuwa. Idan ta karɓu, baɗi duk abin da muka iya nomawa za su ɗauka. Farashin ba zan rubuta ba, don takarda tana da baki, Sha'aban zai faɗa miki a kunne. Ki dai tabbatar kina zaune kafin ya faɗa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Da muka gama Abu Nayif ya riƙe mini hannu ya tambaye ni me kuma nake ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Na ambata masa ƙananan ayar nan mai zaƙi da baƙin riɗi, ya ce in kawo ya gani, amma a yadda Allah ya halicce su.

Na san gayaunarki ita kaɗai ba za ta ba da buhu goma ba, ko da gwiwa lafiya take. Ga shawarata, in kin ga ta yi. Ki tara matan unguwarmu waɗanda gonakinsu yashi ne, waɗanda suka daina sa ran masara tunda taki ya fi ƙarfinsu. Ki ba kowace iri ɗaya ta shuka shi kaɗai, don kada su cakuɗe. Hajar ta fara zuwa mini a rai, tunda mijinta ya rasu gonarta ke kwance, tana yi wa mutane surfe don ta ciyar da yara biyar, alhali ƙasarta ita gurjiya ta fi so. Ga Bilƙisu matar Salissou, ga Turai matata, wadda na riga na gaya mata ta ajiye ƙorafin rana ta ɗauki fartanya. Abin da kowace ta noma nata ne, kuɗinta a hannunta za a damƙa mata, ba a hannun miji ba, haka na sharɗanta wa mutumin Kano. Ki kuma aika a tambayi tsofaffin ƙauyukan kusa, wataƙila akwai mai wani iri a tukunya da mu ba mu da shi. Saidou ya riga ya kira mahaifiyarsa, ta ce tana da kala biyu da ba ta ji kin ambata ba, za ta aiko miki ta hannun masu zuwa kasuwar Maigatari. Na so in ƙara da cewa kada ki raba duka, ki bar kaso ɗaya cikin uku a tulu saboda halin damina, sai na tuna wa nake koya wa ajiyar iri, na ji kunya.

Saura maganar Uwais, wadda na san ita ce ta tsaya miki a wuya. Na kira shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na kwashe komai na faɗa masa. Sai ya tambaye ni ko da gaske Larabawa ke cin gurjiya, ko dai dabara ce na ƙulla don in hana shi zuwa. Na rantse masa. Sannan na faɗa masa abin da na daɗe ina ɓoye muku don kada ku damu: yadda mutum takwas ke kwana a ɗaki ɗaya, yadda na ga 'yan garinmu da ejan ya yi wa alkawarin aikin ofis suna ɗaukar bulo a rana, yadda yarana suka girma suna sanina a hoto. Na ce masa ni na fito ne don ban san akwai abin riƙewa a gida ba, shi kuwa yanzu ya sani. Ya ce zai yi tunani.

Jiya Litinin ya kira ni da kansa. Goggo, ya je wurin mai sayen gonar ya ce ya fasa. Mutumin ya yi ta faɗa, ya ce an mai da shi ƙaramin yaro, Uwais ya ba shi haƙuri ya taso. Daga can ya wuce Gumel ya karɓo fasfonsa daga hannun ejan. Gonar mahaifinmu ba za a sayar ba, gayaunarki tana nan inda take, kuma ya ce bana rabin gandun ma gurjiya za a sa. Kin ga kwana uku yana fita da sassafe ba ya karyawa a gida, kina zaton gudunki yake yi. Gudunki yake yi, gaskiya ne, amma gona yake zuwa, yana gyara shingen gefenki da awaki suka karya. Ya ce ba zai iya haɗa ido da ke ba, saboda ya taɓa cewa a gaban mutane tulunanki sun fi dacewa da akurkin kaji. Ya roƙe ni in riga shi isowa, shi ya sa na zauna na cika takarda haka. Ya ce shi bai san zurfin ramin da ake yi mata ba, bai san wadda ake fara shukawa ba, bai san komai ba, kuma babu mai koya masa sai ke. Idan Muhibba ta gama karatun nan, ki leƙa zaure, na ce masa ranar da Sha'aban ya iso ya zauna a can ya jira. Ki kira shi da sunan da kike kiransa yana ƙarami, zai shigo.

Ki gaishe mini da Kawu Maulud, ki ce masa maganin idonsa yana cikin jakar Sha'aban. Ina gaida Turai da yara, da Hajar da marayunta, da Bilƙisu da maigidanta, da liman da jama'ar masallacinmu. Muhibba, Allah ya yi miki albarka da kika riƙe hannun Goggo har na iso. Saidou yana gaishe ki, ya ce ki sa shi a addu'a kamar ɗan cikinki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa in ci ta bana a tsakar gidanmu, ina zaune kusa da ke.

Ɗanki mai neman gafararki da albarkarki,
Basiru.